Kifin da Muka Kai wa Direban Jirgi

Tun da aka rufe gadar iyakarmu da Benin, zama ya fi tuƙi yawa a aikinmu. Ni direba ne, shekara ashirin da bakwai ina kwasar mutane daga Gaya zuwa Yamai in kwaso wasu in dawo. Da can kafin hantsi ya dubi tsakar tasha na cika na tashi. Yanzu sai in kwana biyu a layi ina kallon tayoyina. Mukan taru a rumfar mai shayi da ke bakin tasha, kowa ya sunkuyar da kai kan tarho kamar an ba shi gadin wani abu a ciki.

A rumfar nan Yaya yake wuni. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Gemuna ya yi fari tas, amma har yau yaro yake ce mini, a gaban ’ya’yana ma. Ya yi shekara arba’in yana jan babbar mota tsakanin Kwatano da Yamai, kafin wata damina, shekara shida da suka wuce, motar ta kwanta da shi a gefen hanya. Ya fito da ransa, sai dai gwiwarsa ta hagu ba ta sake lanƙwasawa ba. In zai zauna sai ya miƙe ƙafar gaba kamar sanda, masu wucewa su tsallaka.

Ɗiyarsa ta fari tana aure a Abijan. Shekara tara ba ta haihu ba, shekara tara kuma bai sa ta a ido ba. Ranar wata Talata aka kira aka ce ta sauka lafiya, namiji. Uwarta ta riga ta tafi tun wata guda kafin nan. Washegari mijin ya aiko da biye, wato tikiti, guda biyu na jirgin ranar Lahadi, ɗaya na Yaya, ɗaya nawa don in riƙe shi a hanya. Yarinyar da kanta ta kira ni, muryarta ba ƙarfi.

“Baba ƙarami, ka kawo mini shi. Na gaya wa maigidana ba wanda zai raɗa wa yaron nan suna sai Baba. Kai ma ka san ciwon suga da ke jikinsa. In bai zo yanzu ba, ban san yaushe ba.”

Na ce mata an gama. Na faɗa da sauri don ban riga na yi magana da shi ba.

Ba tsoro ne ya hana Yaya ba. Mutumin da ya sauko gangaren arewacin Benin da birki ɗaya ba jirgi zai tsorata shi ba. Tambaya guda ya yi, ya miƙa takardar ga Mushe.

“Duba mini, a ina zan zauna?”

Mushe abokin zamanmu ne. Aikinsa cika wa ’yan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, kuma ya yi kolej har aji uku, shi ya sa muke ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Tun da gada ta rufe ba abin da yake cikawa sai kofin shayi. Ya gyara tabarau ya ce layi na ashirin da shida.

“Daga gaba ake ƙirgawa ko daga baya?”

“Daga gaba, Alhaji.”

Yaya ya karɓi takardarsa ya ninke ya ce a gaida mai jego, Allah ya raya.

Wanda ba ɗan tasha ba ne zai ce rigima ce ta tsufa. A wajenmu gidan gaba na direba ne, shi ke ba wanda ya ga dama. Fasinja mai hankali yakan zo tun da wuri ya gaida direba, ya miƙa masa goro ko ɗan abin da ya samu, sai a ce masa shiga nan. Tsohon direba kuwa ba a ma tambayarsa. Ko motar wa ya tarar, ko a wace ƙasa, ana buɗe masa ƙofar gaba. In ka ga tsohon direba a baya tsakanin buhun albasa da mata masu goyo, to ya yi wani abin kunya ne a cikin sana’a, kuma kowa zai tambaya mene ne. Yaya tun yana ɗan ashirin bai sake ganin ƙeyar wani fasinja ba.

Na yi masa magana ta hankali, na yi ta faɗa. Ya ce in sha shayina.

Mushe ne ya ɓullo da hanya. Shi bai taɓa shiga jirgi ba, ko filin bai taɓa takawa ba, amma ba abin da yake so a tarho kamar shafukan mutanen nan da ba su da aiki sai hawa jirgi. Suna ɗaukar hoton faranti, su ɗauki hoton kujera, su ɗauki hoton ƙafarsu a miƙe, sannan su rubuta labari. Da Faransanci suke zuwa masa, shi kuma ya juya mana da Hausa, da ƙarin gishirinsa. Ya jawo benci kusa da Yaya ya fara karanto kanun.

“Ji wannan, Alhaji. Yadda na zaga duniya sau biyu ban fitar da ko dala ba.”

“Ɓarawo ne,” in ji Yaya.

“A’a, kilomita suke tara masa. Duk tafiyar da ka yi ana rubuta maka, in ta taru a ba ka kujera kyauta.”

Na ce to ni da na yi shekara ashirin da bakwai tsakanin Gaya da Yamai, ina zan je in karɓi nawa? Abin da aka tara mini ciwon baya ne. Ba wanda ya kula ni. Mushe ya ci gaba da ture allo da yatsa. Kujerar da matuƙa ba su taɓa yarda su zauna ba. Na sa wannan tufa na shiga jirgi, abin da ya faru ya girgiza ni. Kada ka kuskura ka shiga jirgi da farko, ga dalili. Abu goma da kamfanoni ke ɓoye maka, na bakwai zai sa ka kuka. Sai ya tsaya, ya ɗaga yatsa.

“Ka ba ma’aikatan jirgi wannan ɗan ƙaramin abu, su kai ka kujerar gaba kyauta.”

Yaya ya ajiye kofi. “Sake karantawa.”

Ya sake. Na ce ya buɗe mu ji wane abu ne. Ya danna. Tallan maganin sanƙo ya fito. Ya kawar, tallan caca ya fito. Can sai ga rubutu layi huɗu, mai shafin yana ba da labarin yadda kakarsa ke son tafiya, a ƙasa an sa kibiya wai a ci gaba. Ya ci gaba. Mai shafin ya isa filin jirgi, ana ruwa. A ci gaba. Mun bi mutumin nan shafi shida, ya sha kofi, ya shiga ban ɗaki, ya gamu da tsohon abokinsa, bai faɗi abin ba. A shafi na bakwai megar Mushe ta intanet ta ƙare, allon ya tsaya fari.

“Ba sai an buɗe ba,” in ji Yaya. “Na san zancen. Ashe su ma tasha ce da su, sun san ya kamata. Yaro, ranar Lahadi ka ce?”

Ni na gane abin tun daga labari na biyu, don na ci abinci da irinsa. Kiran ɗan kamasho ne. Saura mutum guda, saura mutum guda, mota za ta tashi! Ka leƙa ka ga kawuna cike, ka biya ka shiga, sai kawunan su riƙa sulalewa ɗaya ɗaya, ashe abokan ɗan kamasho ne aka zaunar. Ni kaina ina sabon shiga na sha zama a matsayin kai. Wanda ya yi kiran ba tafiyarka ce ta dame shi ba, shigarka yake so. Da Yaya ya tafi alwala na faɗa wa Mushe haka.

“Ka san ƙarya ce ko?”

“Ban sani ba, ban karanta ƙarshe ba.”

“Mushe, ka ji tsoron Allah.”

“Kai, kana so ya je ko ba ka so? Awa biyu kana magana bai motsa ba. Ni layi ɗaya na karanta.”

Na ce a raina in dai ya taka cikin jirgin aka rufe ƙofa, sauran rigimar a yi ta a sama.

Ranar Alhamis gaba ɗaya a kan abin da za a kai wa direban jirgi aka wuni. Duk rumfar ta sa baki. Mai shayi ya ce goro. Yaya ya ce in Bature ne fa, ka taɓa ganin haƙoran Bature da ja? Wani ya ce kilishi. Yaya ya ce kowane ɗan Yamai kilishi zai miƙa masa, mutumin ya gaji da shi. Wani mutumin Bengu ya ce a sara masa rake mai kyau guda biyar, aka yi masa dariya aka ce a ina zai tofar da ɓawo. Daga ƙarshe Yaya ya yanke hukunci: kifi banda, na koginmu. Da kansa ya hau bayan babur, ƙafar a miƙe tana share hanya, ya je bakin ruwa inda kwale-kwale ke ƙetarar da mutane. Ya zaɓo tarwaɗa manya wajen wata Badendiya da ya sani tun zamanin da yake tuƙi, aka naɗe masa a takardar siminti.

Da la’asar matarsa ta kira daga Abijan. Ni da ita akwai wasa tun ranar da aka kawo ta gidanmu. Ya sa ta a lasifika don kunnensa ya yi nauyi.

“Ina mijina ƙarami? An ce kifi kuke shiryawa. Na jego ne?”

Na ce rabi na jego, rabi na direba.

“Wane direba?”

“Na jirgi,” in ji Yaya.

Ta yi dariya har sai da jaririn ya farka muka ji kukansa. “Ni da ban taɓa tuƙa ko amalanke ba, na shiga, na zauna inda aka nuna mini, aka ba ni burodi, na sauka. Ku manyan direbobi sai kun kai gaisuwa?”

“Ke fasinja ce,” in ji shi. Ya kashe tarhon. Amma na ga ya daɗe yana kallonsa, saboda kukan nan da ya ji.

Ranar Lahadi bayan asuba muka fito. Na bar motata a layi, muka shiga ta wanda ke kan tashi, wani Bazabarme da ya koyi tuƙi a hannun Yaya. Yana hango mu ya sauko da gudu yana gaisuwa, fofo Baba, fofo Baba. Akwai wani ma’aikaci mai taye da ya riga ya zauna a gaba, aka roƙe shi ya koma baya. Aka ture kujerar har ƙarshe, Yaya ya shimfiɗa ƙafarsa. Ya sa babbar rigarsa ta shadda fara, saboda labarin nan na tufa, ko da yake ba mu san wace tufa mai shafin ya sa ba. Ya waiwayo ya dube ni ta kan kafaɗa.

“Ka gani? Ko’ina haka ne.”

Har muka wuce Doso yana nuna wa direban ramukan da direban ya fi shi sani.

Mun isa filin jirgi da azahar. Matar da ke auna kaya ta shaƙi iska sau biyu ta dubi jakarmu. Ta ce kifi sai dai a ƙarƙashin jirgi. Muka tura ƙunshin cikin walis, akwatinmu na kaya. Ban lura ba ashe Yaya ya zare biyu mafi girma ya zura a aljihun gaban riga. Ta ga yadda yake jan ƙafa, ta tambaya cikin ladabi ko a kawo wa Baba keken marasa lafiya. Da ɗan Faransancina na tasha na juya masa. Ya ce in gaya mata shi direba ne, ba kaya ba. Na gaya mata mun gode.

A wajen bincike jami’in ya shafa ƙirjin Yaya ya ji abu mai tauri. Ya ce a fito da shi. Yaya ya zaro tarwaɗa a naɗe, baƙa wuluk tana ƙyalli. Jami’in ya juya ta, ya kira abokin aikinsa, suka yi shawara da Zabarmanci suna danne dariya.

“Baba, guzuri ne?”

“Na direba ne.”

“To Allah ya kai lafiya,” in ji shi, ya mayar masa.

Muka yi salla muka zauna a ɗakin jira, sanyin injin yana shiga mini ƙashi. Can aka yi kira, mutane suka miƙe suka yi layi. Na ɗauki jaka na miƙa wa Yaya hannu. Bai karɓa ba.

“Zauna. Ba ka ji abin da Mushe ya karanta ba? Kada a shiga da farko.”

“Yaya, ba mu san dalilin ba.”

“Ni na sani. Sai mota ta cika direba ke duba wa ya rage. Na ƙarshe shi ake yi wa wuri.”

Layin ya ragu, ya zama mutum goma, ya zama uku, ya ƙare. Muka rage mu biyu da mai share ƙasa. Gumi ya keto mini cikin sanyin nan. Sai lasifika ta kira sunanmu, ta murɗe shi yadda ko uwarmu ba za ta gane ba. Yaya ya gyara hula.

“Ka ji? Sun fara nemana.”

Sai da aka kira sau na biyu, wata ma’aikaciya ta zo a guje da takarda a hannu, sannan ya miƙe. Ya hau matakalar jirgin nan taki ɗaya ɗaya, ina tura shi ta baya, duk tagogi idanu ne.

A bakin ƙofa wata doguwar yarinya mai kayan aiki ta tarbe mu, murmushinta ya kusa ƙarewa. Yaya ya yi mata sallama ya ce in tambaye ta ina direba, yana so su gaisa. Ta ce matuƙi yana shirin tashi, ƙofarsa a rufe take, ba a shiga. Ya ce in gaya mata abokin sana’a ne, shekara arba’in. Ta ce ta ji daɗi, amma mu wuce. Kujerun gaba na nan dama da hagu, manya kamar na falon gwamna, uku ba kowa. Yaya ya zaɓi ta bakin hanya ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya yi ajiyar zuciya. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da kifin, ya miƙa mata da hannu biyu.

“Ɗaya naki, ɗaya na direba. Na koginmu ne.”

Ƙamshin ya cika gidan gaba. Wani mai kwat ya ɗago daga takardunsa. Yarinyar, Allah ya yi mata albarka, ba ta yi dariya ba. Ta dafa ƙirji ta ce ta gode ƙwarai, amma ba a ba su damar karɓa ba, kuma kujerar Baba tana layi na ashirin da shida, don Allah a taimaka, jirgi ya makara.

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ya mayar da kifin, ya miƙe, muka ratsa labule. Tafiyar nan daga labule zuwa layi na ashirin da shida ta fi mini Gaya zuwa Yamai tsawo. Da muka isa ya gwada zama. Tsakanin kujerarsa da ta gaba ko ƙafa mai lanƙwasa da ƙyar take shiga. Ya gwada ta gefe, ya gwada ya bar ta a hanya, aka ce hanya ta keken abinci ce. Ya dafa kujera ya miƙe tsaye.

“Yaro, je ka ce su sauke mana walis. Mu koma Gaya.”

Na leƙa gaba, ƙofa ba a rufe ta ba tukuna. Na san shi. Zai sauka, zai hau motar yamma, gobe ya zauna a rumfa kamar ba a yi ba. A gabansa ban taɓa ɗaga murya ba, ranar na ɗaga.

“Yaya, ƙarya ce. Duk abin da Mushe ya karanta ƙarya ce, na sani tun ranar Laraba na yi shiru don ka taso. Ba wanda ya san ka a nan, ba wanda zai san ka. Yarinyar nan shekara tara tana jiran ɗa, yanzu kai take jira. Ta ce ba mai raɗa masa suna sai kai. In ka sauka, kai za ka kira ta ka gaya mata, ni ba zan iya ba.”

Bai dube ni ba. Ya ce a hankali, “Shekara shida ba wanda ya tambaye ni ko hanya. Yanzu kuma in isa wajenta a ƙudundune kamar buhu.”

Sai muka ji murya daga wajen labule, da Hausa garau.

“Wai wane ne mai kifin Gaya a jirgin nan?”

Wata Hajiya ce, ƙatuwa, da zobba a kowane yatsa. Ta taso daga layin farko na bayan labule ta nufo mu tana riƙe da mayafi.

“Baba, kai ne ka tsayar da mu? Ina da kaya a tashar ruwa suna jirana, kai kana nan kana shari’a da kujera. Mece ce matsalar, ƙafa? Zo.”

Ta kama hannun rigarsa kamar ta san shi tun haihuwa, ta ja shi gaba. Kujerarta ta bakin hanya ce, ba kowa a gabanta sai bango, fili har ƙafa ta miƙe ta bar saura. Ta yi wa ma’aikaciyar magana biyu da Faransanci mai gudu, ita kuma ta ɗaga kai da sauri, don ta matsu a tashi. Yaya ya tsaya yana dubawa. Ya dubi labulen da ke gabansa, ya waiwaya ya dubi layuka fiye da ashirin na kawuna a bayansa. Ya zauna.

“Allah ya yi miki albarka, ɗiyata.”

“Amin. Kawo kifin.”

“Ɗaya na direba ne.”

“Direba ya ci abinci. Kawo duka.”

Ya ba ta. Ta naɗe a leda ta tura cikin jakar hannu, ta dawo ta cusa kanta a kujerar Yaya kusa da ni. Rabin tawa ma ta cinye. Aka rufe ƙofa. Ban san lokacin da jirgin ya bar ƙasa ba, don ina ta neman inda zan sa kafaɗata.

A sama na ba ta labarin Mushe da kanunsa. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi. Ta ce atamfa take sarowa, shekara goma sha ɗaya kusan kowane wata tana cikin jirgi.

“To Hajiya, kilomitan da ake tarawa fa? An taɓa kai ki gidan gaba?”

“Ina da katin, yana nan cikin jaka. Sau ɗaya suka yafe mini kilo biyar. Kujerar can kuwa ba asiri ba ne, da wuri nake zuwa in roƙa. Mai karanta muku ya taɓa hawa jirgi?”

Na ce ko filin bai sani ba.

“Masu rubutawar ma wani lokaci ina shakka,” in ji ta, ta gyara zama ta ƙara matse ni da taga.

Ranar Talata da safe aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan surukai. Yaya ya zauna da ƙafarsa a miƙe, aka ɗora masa jaririn a cinya. Ya sunkuya ya raɗa masa suna a kunne, ya daɗe bai ɗago ba. Ɗiyar tana bakin ƙofar ɗaki tana kallo, uwarta na riƙe da ita. Ni na fita waje na ce zan duba masu fiɗar rago.

Da na dawo na tarar ya warware, ya tara surukai yana ba su labarin tafiya. Wai a jirgi ma in ka san hanya ba ka zama baya. Ka sa farar riga, ka shiga ƙarshe, ka riƙe ɗan abin hannu. Ya ce shi layin farko aka ba shi. Bai ambaci labule ba, ni ma ban ambata ba.

Mun yi kwana goma sha biyu. Ana jibi za mu dawo ɗiyar ta ja ni gefe ta ce maigidanta ya je ofishin jirgi ya yi bayanin ƙafar, an ajiye wa Baba irin kujerar nan, amma kada in gaya masa. Ban gaya masa ba. Shi ya sa washegari da hantsi ya kira ni ya ce in shiga kasuwa in nemo kifi banda guda biyu, manya. Na ce Yaya, nan kifin teku ne, ba irin namu ba ne. Ya ce in dai zaɓo mai kyau, kuma in yi sauri.

Na sa takalmi na tafi.